Matar da Ba a Tambayi Sunanta Ba

Makon jiya aka sa mana hoton wata tsohuwa mai sayar da daddawa a gidan nan, aka ce kowa ya gina gajeren labari a kansa. Ni ma na yi nawa, na mayar da ita uwar da 'ya'yanta suka watsar. Sai da na tura na fara tambayar kaina: wa ya faɗa mini haka rayuwarta take? Ta ma san an ɗauke ta? Dalilin rubutun yau ke nan.

Ɗaukar mutum bai sani ba ya kusa tsufa da kyamarar kanta. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki wani titi a Paris. Kyamarar lokacin sai abu ya tsaya cik na mintuna take kama shi, don haka kekunan doki da masu wucewa duk suka ɓace, aka bar wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Har yau ba a san sunansa ba. Da Kodak ta fito a 1888, kowa ya iya yawo da kyamara a hannu, ƙorafi ya yi yawa a Amurka. A 1890 lauyoyi biyu, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka rubuta maƙala kan haƙƙin mutum na a bar shi da sirrinsa. A 1902 Abigail Roberson, wadda aka buga fuskarta a tallar fulawa ba da izininta ba, ta faɗi a kotun New York, abin da ya sa jihar ta yi doka a 1903.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na watan Maris ɗin 1936 ne. Amurka na cikin karayar tattalin arziki, gwamnati ta ɗauki masu hoto su nuna halin da talakawan karkara ke ciki. Ɗayarsu, Dorothea Lange, ta ratsa sansanin 'yan ƙwadago a Nipomo, jihar California, inda sanyi ya lalata waken da suka zo tsinka. Ta tarar da wata mata a tanti da yara. Cikin kamar minti 10 ta ɗauki 'yan hotuna ta wuce. Ɗaya daga ciki shi ne wanda duniya ta sani da Migrant Mother: uwa ta dafa haɓa, jariri a cinya, yara biyu sun ɓoye fuska a kafaɗunta.

Hoton ya yi aiki, ba musu. Jaridar San Francisco News ta buga labarin, gwamnati ta aika abinci kimanin tan 9 sansanin. Sai dai kafin ya iso, matar da iyalinta sun yi gaba. Dama mota ce ta lalace musu suka tsaya.

Lange da kanta ta rubuta a 1960 cewa ba ta tambayi sunan matar ba. Shekarunta ta ji, 32. Ta kuma ce matar ta sayar da tayoyin mota don sayen abinci. Sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano ta a Modesto. Sunanta Florence Owens Thompson, 'yar ƙabilar Cherokee, haifaffiyar Oklahoma. Shekara 42 ana kallon fuskarta ana ɗauka Baturiya ce manomiya! Ta ce da ta sani da ba ta yarda ba, ko kwabo ba ta samu ba, kuma an yi mata alkawarin ba za a buga ba. Ɗanta ya ƙaryata zancen tayoyin.

A yi wa Lange adalci: hoton mallakar gwamnati ne, ita ma ba a biya ta kamasho a kansa ba, kuma ta rasu tun 1965, ba ta nan ta kare kanta. Ban ga mugunta a abin da ta yi ba. Gaggawa na gani, irin tamu idan mun tsinci abin da zai ja hankali. Laifin da na fi kamawa ba a kyamara yake ba, a rubutun da ke ƙasan hoton yake. Jimla ɗaya da ba a tabbatar ba ta bi matar har tsufanta. Wannan kuwa sana'armu ce, ba ta masu hoto ba.

A 1983 Florence ta kwanta da cutar daji. 'Ya'yanta suka nemi taimako da sunan hoton, jama'a suka aiko da fiye da dala 35,000 da tarin wasiƙu. Daga nan iyalin suka fara kallon hoton da wani ido. Ta rasu ranar 16 ga Satumba na shekarar.

Na cire labarina. Wanda ya ɗauki hoton tsohuwar, don Allah ya same ni ta akwatin saƙo ya faɗa mini kasuwar. Ina so in je in gaishe ta, in ji sunanta.