Jirgin Tukurwa da Jirgin Rediyo a Unguwar Briketeri

Tun da Jamusawa suka kafa sansaninsu a Yawunde a shekarar 1889, fataken Hausa waɗanda suka saba da hanyar Adamawa da Tibati da Yoko suka yi ta gangarowa da tufafi da shanu, har daga bisani, a zamanin mulkin Faransa, jama'arsu ta tare a Briketeri, wurin da a dā ake gasa tubali. Kuma lalle abin da suka zo da shi wanda ya fi haja daraja shi ne sana'ar hannu, wadda yaro ke karɓa daga ubangidansa kamar yadda almajiri ke karɓar karatu a gaban malaminsa. Unguwar ta shahara da teloli da masu tsire, amma a tsakanin rumfunansu akwai wata silsila ta masu gyara, wadda ta faro daga agogo da keken ɗinki, ta ratsa ta kan rediyo, ta iso ga wayar salula.

Mafarin wannan hikima, a ganina, wasan yara ne. A ƙasar Kano, inda jirage uku na sojan Ingila suka sauka a watan Nuwamba na 1925, yara sun daɗe suna ƙera jirgi da mota da karan dawa. Amma da yake dawa ba ta yalwata a kurmi ba, sai 'ya'yan Kudancin Kamaru suka koma ga tukurwa, suna feƙe totuwarta da reza, suna soke fiffike da tsinken bayanta maimakon ƙusa, su yanko ƙafafu daga tsohon silifa, farfela kuwa daga gwangwanin madara. Jirgin ba ya tashi, da zare ake jansa, amma in ya karye ba a yar da shi, domin wanda ya ƙera ya san kowace gaɓa tasa.

Shi kuwa ƙaramin jirgin da ake sarrafawa daga ƙasa ta hanyar rediyo, asalinsa Amurka ne, inda tagwaye biyu, Walter da William Good, suka tayar da nasu wajen 1937. A dā da katakon balsa ake yinsa, wanda rashin nauyinsa ya yi kusa da na tukurwa. Yau galibinsa na kumfar roba ne, daga ƙasar Sin. Faɗuwa kuwa ƙaddararsa ce, ko a hannun gwani.

To, idan ya faɗo, tartibin gyaransa ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi a gindin teburin mai gyaran rediyo. Da farko a cire batir a dube shi, in ya kumbura ko ya lotsa a nisanta shi da gida, saboda irinsa yakan kama da wuta. Sa'an nan a tsince ɓaraguzai duka, komai ƙanƙantarsu, a gwada haɗa su a bushe kafin a shafa gam, alhali ana kiyaye cewa wani gam ɗin cinye kumfa yake yi. Farfelar da ta tsage ba ta ɗaukar faci, sai sabuwa. Bayan an bi wayoyi da dalma, an tabbatar jela da fikafikai suna amsa umarni ta fuskar da ta dace, sai aikin mizani, wanda masu gaggawa ke tsallakewa: a ɗora jirgin bisa yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, kimanin rubu'i zuwa sulusin faɗinsa daga gaba, in nauyin gam ya rinjayar da shi baya, a matsar da batir wajen hanci har ya daidaita.