Ɓeran Burns da 'yan ƙwadagon Steinbeck: alaƙar waƙa da littafi

A watan Nuwamban 1785, Robert Burns, mawaƙin Scotland kuma manomi mai hayar gona a Mossgiel da ke yankin Ayrshire, ya rubuta waƙar "To a Mouse". A cikinta wani manomi yana huɗa, sai garmarsa ta rushe gidan da ɓera ya gina domin hunturu. Manomin ya ba ɓeran haƙuri, ya kuma shaida masa cewa ɗan'adam ma haka yake: yakan ƙulla shiri, shirin ya wargaje, ya bar shi da takaici.

Daga wannan baiti ne marubucin Amurka John Steinbeck ya samo sunan littafinsa, Of Mice and Men, wanda ya fito a 1937. Labarin ya faru ne a kwarin Salinas na jihar Kalifoniya, lokacin karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929, wadda a 1933 ta raba kusan kashi 25 cikin ɗari na ma'aikatan Amurka da aikinsu.

George da Lennie 'yan ci-rani ne masu ƙwadago daga gona zuwa gona. Burinsu su mallaki 'yar gonarsu, Lennie ya riƙa kiwon zomaye. Da tsoho Candy ya yi tayin dala 350, sai burin ya zo kusa. Amma Lennie, ƙaƙƙarfa mai raunin hankali, ya kashe matar ɗan mai gona ba da gangan ba. George ya harbe shi da hannunsa kafin masu farautarsa su cim masa.

Alaƙar ayyukan biyu ta wuce suna. Ɓeran bai yi lalaci ba, 'yan ƙwadagon ma sun yi gumi. Abin da ya haɗa su shi ne zama a ƙasar da ba su da iko da ita. Haka Crooks, baƙar fatan da aka ware a ɗakinsa shi kaɗai, da matar da ta yi mafarkin zama tauraruwar fim.

Burns ya rufe waƙarsa da cewa ɓeran ya fi shi sa'a, domin halin yanzu kaɗai ke damunsa, alhali mutum na tuna baya yana fargabar gaba. Steinbeck ya raba wannan tsakanin abokan biyu: Lennie ya mutu yana sauraron labarin gonar, George kuwa ya rayu da sanin cewa ba za a saye ta ba.