Muryoyi kaɗan, babu kiɗa: yadda tsohuwar waƙar cocin Turai ta samu sautinta na yau

Masana waƙar Turai ba su gama ja-in-ja ba kan yadda ake rera waƙoƙin ibada na ƙarni na 12 zuwa na 14. Mutum nawa ke rerawa? Da wace irin murya?

Asalin a duhu yake. Ana jingina addu'ar da ake rerawa da karin murya ɗaya ga Paparoma Gregory na Ɗaya, wanda ya rasu a 604, alhali salon ya kafu ne a daular Charlemagne. Wajen 1200, Léonin da Pérotin na majami'ar Notre-Dame a Paris suka ɗora murya kan murya. Umarnin bishop na Paris a 1198 da 1199 ya ambaci waƙa mai muryoyi huɗu a bukukuwan bayan Kirsimeti. Rubutun ya tsira, sautin kuwa ya tafi da masu shi.

A shekarun 1960 da 1970 aka cike giɓin da sarewa da ƙararrawa da molo irin na dā, musamman a hannun David Munrow a Landan. Sai Christopher Page da ƙungiyarsa Gothic Voices suka ce a ajiye yawancin kayan nan, a bar mawaƙa kaɗan. Faifansu na waƙoƙin ibadar da Hildegard ta tsara, a 1982, ya samu kasuwa, Hilliard Ensemble suka biyo da waƙoƙin Pérotin a 1989, da muryoyin maza masu santsi.

Magoya bayan wannan salo suna cewa takardu ne suka ba su gaskiya. Sun yi rabin gaskiya: shaidu sun nuna ƙwararru ƙalilan ne ke ɗaukar sassa masu wuya. Amma ni ina tare da Daniel Leech-Wilkinson, wanda a littafinsa na 2002 ya nuna cewa kunnen zamaninmu ne ya zaɓi wannan sauti. Santsin nan tarbiyyar mawaƙan cocin Ingila ce, ta Oxford da Cambridge, ba wata takarda da ta faɗe shi.

Marcel Pérès ya gwada akasin haka. Da ƙungiyarsa Ensemble Organum ya ɗauko mawaƙan tsibirin Corsica don waƙar ibadar Mass ta Guillaume de Machaut a 1996, muryoyi masu kauri da lanƙwasa. Masu suka suka ce ya wuce gona da iri. Rubutun Machaut ɗin dai bai hana ko ɗaya daga cikin sautukan biyu ba.