Daga Dogari Zuwa Ɗan Sanda: Ina Aka Gaji Tsawa?

Duk wanda ya saba bin hanyar Anka zuwa Gummi ta Daki Takwas ya san shingen bincike. Wani jami'in zai gaishe ka, wani kuwa "Kai, sauko!" ita ce sallamarsa. To, mutunta jama'a wajibi ne a kan ɗan sanda, ko alfarma ce? Bari mu koma baya.

Kafin zuwan Turawa, dogarai ke kama mai laifi da sunan sarki. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, ba su rushe wannan tsari ba, sai suka ɗora mulkinsu a kansa. Anka da Gummi da Bukkuyum duk suna ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Daga baya aka kafa 'yan doka. Wa ɗan doka yake tsoro? Hakimi da Di'o. Talaka kuwa da haraji da jangali aka san shi, ba shi da inda zai kai ƙarar ɗan doka. A shekarun 1950, 'yan NEPU ta Malam Aminu Kano sun sha kamu da duka a hannunsu a faɗin Arewa.

Bayan sojoji sun karɓi mulki a 1966, aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya. An sauya kaki, amma kallon talaka a matsayin abin tuhuma bai gushe ba.

Yau doka ta fito fili. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya kare mutuncin kowane ɗan ƙasa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana azabtar da wanda ake zargi, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Ka ga kenan ba alfarma ba ce.

Wani zai ce: ana fama da 'yan bindiga, wa ke ta gaisuwa? Ai nan ne ma ta fi amfani. Ku tuna harin Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda aka rasa rayuka masu yawa. Wanda ke fara ganin baburan maharan shi ne manomi, ko mai itace. In an taɓa marin sa a shinge, da wace zuciya zai kai rahoto ofishin 'yan sanda?

Gaskiya ne, su ma jami'an ana kashe su a waɗannan hanyoyi, kuma sun cancanci mu girmama su. Amma mai riƙe da bindiga shi ya kamata ya fara sakin fuska. Wannan darasi ya shafi Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a 2024: kada su gaji halin ɗan doka. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a yankinmu kuma tana iya ceton gari guda.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.