Asalin Kalma: Lafiya

Lafiya ta fito ne daga Larabci, al-afiya, wato kuɓuta daga cuta da bala'i. Harafin al ya narke a bakin Bahaushe ya zama la, kamar a labari da lahira. Wannan alama ce ta tsohon aro, wanda ya shigo tare da Musulunci.

Kalmar ta wuce jiki. A Haɗeja ana tambayar lafiyar iyali, ta dabbobi da ta gari. In kogi ya cika ya janye bai ci gonakin Auyo da Guri ba, sai a ce damina ta wuce lafiya. Karin magana ta ce lafiya uwar jiki, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Haka malaman Daular Sakkwato suka fahimce ta. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya rubuta Masalihul Insan kan gyaran addini da jiki tare, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya wallafa littattafan magani. Har yau a fadamar Haɗeja, inda tsargiya da zazzaɓin cizon sauro ke addabar masunta da manoman shinkafa, majinyaci kan haɗa tofi da rubutun sha da saiwa da allurar asibiti.

Da sarakuna da limamai suka mara wa rigakafin shan inna baya, jama'a sun amince, har aka tabbatar da kawar da asalin nau'in ƙwayar cutar daga Najeriya a 2020. Ma'aikacin lafiya da ya fahimci faɗin kalmar nan ya fi saurin samun yardar mutane.