Masarautar da Ta Rasa Ƙasarta Sau Biyu

Sarakuna biyu ake kira Sarkin Zazzau a Najeriya. Ɗaya yana Zariya, ɗayan yana Suleja ta Jihar Neja, can kudu a gindin duwatsu, cikin ƙasar Koro da Gwari, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi. Na Suleja bai ari sunan ba, gadonsa ya yi daga sarakunan Haɓe da suka mulki Zazzau kafin jihadi. Wannan gida ya rasa ƙasarsa sau biyu, ta farko a bakin mashi, ta biyu da dokar soja, kuma duk sau biyun ya tashi da rawaninsa a ka. A ganina abin da ya raya shi tsarin sarautu ne, wato sanin wa ke riƙe da me, wa ke naɗa wa, wa kuma zai iya taka wa sarki birki. Irin wannan dukiya ana iya ɗora ta a bayan doki a yi hijira da ita.

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 ya iso Zariya cikin 'yan shekaru a hannun Malam Musa, mai tutar Zazzau. Labarin da mutanen tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, suka adana ya ce Sarki Muhammadu Makau yana filin Idi a bayan gari aka auka masa, bai sami komawa fada ba, sai ya yi kudu da waɗanda suka bi shi. A Zuba ya sauka, garin Koro da tun da yake kai gaisuwa Zazzau. Makau bai gina birni ba. Ya ƙare kwanakinsa a fagen fama, aka kashe shi a wajejen Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar Jatau, wanda ake kira Abu Ja, shi ya gane cewa komawa Zariya ba ta kusa, ya kafa gari a 1828, ya soma ganuwa a shekarar da ta biyo, garin ya ɗauki sunansa, Abuja. Ba Zazzagawa kaɗai suka yi haka ba a wancan zamani: Katsinawa sun kafa Maraɗi, Gobirawa sun zauna Tsibiri, Kabawa sun koma Argungu. Bambancin shi ne waɗancan sun sauka kusa da gida, cikin masu jin Hausa, su kuwa mutanen Abu Ja sun tarar da kansu 'yan tsiraru a tsakiyar wasu harsuna da wasu al'adu.

Za a ce ai duwatsu ne suka tsare su, ba wani tsari ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Abu Ja ya iya zaɓen wuri: bakin kogin Iku, a gindin tsaunukan Abuchi, ga dutsen Zuma daga kudu, ga kurmi da kwazazzabai inda dawakin Zariya ba sa samun filin sukuwa, shi ya sa hare-haren da aka yi ta kawowa ba su ci garin ba har zuwan Turawa. Sai dai dutse yana tsare rai ne, ba ya naɗa sarki. Garuruwa nawa ne suka fake a kan duwatsun wannan yanki ba su zama masarauta ba? Abin da baƙin suka zo da shi, wanda ba a sassaƙa shi daga dutse, shi ne jerin muƙamai da kowanne ya san iyakarsa. Madawaki ke jan rundunar yaƙi. Galadima ke tsaron gari idan sarki ya fita. Akwai Wambai da Dallatu, akwai Sarauniya da Iya a ɓangaren matan gidan sarauta, akwai limamai da ake jin bakinsu wajen zaɓen sabon sarki. An ba bayin fada wasu manyan kujeru da gangan, domin wanda ba shi da gadon sarauta ba ya kwaɗayin karaga. Hujjar cewa tsarin ya yi aiki tana cikin lissafin shekaru: daga 1825 zuwa 1902, sarakuna uku kacal aka yi, Abu Ja har 1851, Abu Kwaka da ake kira Dogon Sarki har 1877, sai Ibrahim Iyalai. Gidan gudun hijira da abokan gaba suka kewaye, a ce ya yi shekara 77 da sarakuna uku, ba sa'a ce kawai ba. Ko masanin nan M. G. Smith, da ya so ya gano yadda ake mulkin Zazzau kafin Fulani a littafinsa na 1960, ga Abuja ya juya, ya dogara da abin da Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta da Hausa, domin a Zariya an riga an sauya fasalin sarautun.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma bai kamata a share ta ba. Wa ya ciyar da wannan tsari? Manoman Gwari da Koro da Gade ne, da doyarsu da dawarsu da harajinsu, wani lokaci da 'ya'yansu, domin Abuja ta ƙarni na 19 ta kai hari ta kama bayi kamar yadda maƙwabtanta suka yi. Laƙabin Sarki Ibrahim, Dodon Gwari, ba a ba shi don sanyin hali ba. Duk wanda ya ce zaman lafiya zalla aka yi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa ya yi wa tarihi kwalliya. Amma wannan bai rushe maganata ba, ƙarfafa ta ma ya yi ta wata fuskar. 'Yan tsiraru ba sa mulkin masu yawa da takobi kaɗai na tsawon ƙarni. Dole suka bar wa sarakunan garuruwa irin su Zuba kujerunsu, suka ɗaura su a jikin fada da gaisuwa da kyauta da naɗi, kuma tun zamanin Abu Kwaka aka buɗe wa fatake hanya zuwa Bida da Zariya, aka gane cewa kuɗin fito ya fi ganima ɗorewa. Hanyar fataken nan ce ma ta jawo ƙarshen 'yancin garin, don tare ta da aka yi tsakanin Lokoja da Zariya shi ya ba Turawan Ingila dalilin mamaye Abuja a 1902.

Zamanin Turawa bai canza zancen sosai ba. An naɗa Muhammadu Gani, aka fara haƙar kuza a zamanin Musa Angulu, sannan Sulaimanu Barau, ɗan Kwalejin Katsina, ya hau a 1944. A zamaninsa Michael Cardew ya buɗe makarantar tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954 da gwanintar da ta koya a gida, ta gina tukunya da hannu ba keke, tana zana mata ƙadangare da kifi da kunama. Hotonta ne a bayan naira 20, dutsen Zuma kuma a tsohuwar naira 100.

Rashi na biyu ya zo ranar 3 ga Fabrairu 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ta yanke kimanin murabba'in kilomita 8,000 a tsakiyar ƙasa don sabon babban birni. Kaso mafi girma na wannan fili daga ƙasar masarautar Abuja ya fito, har da Zuba, masaukin Makau na farko. Sunan ma aka ɗauka, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. A Suleja ma'aikatan hukumar gina birnin suka fara kafa sansani, unguwar da har yau ake kira Field Base. A wannan rashi ne za a ga wanda ya fi biyan kuɗin kyautar ƙasar da ake yaba wa fada. Mutanen Wuse, inda yanzu babbar kasuwar Abuja da manyan ofisoshi suke, an kwashe su aka kai su bakin hanyar Kaduna, aka ce ga Sabon Wuse. Sarki ya rasa ƙasa a taswira, su kuwa sun rasa gonakin da suka san kowace kunyarsu, da kushewun iyaye, da itatuwan ɗorawa da kaɗanya da mata ke ci da su, abubuwan da diyya ba ta iya shukawa a shekara ɗaya. Yau Sabon Wuse ne hedikwatar ƙaramar hukumar Tafa, ɗaya daga cikin uku da suka rage wa masarautar tare da Suleja da Gurara. Wato dai waɗanda aka tasa daga ƙasar da sarki ya bayar, a ƙarƙashin sarkin aka sake sauke su.

Akwai masu cewa abin da ya rage inuwa ce kawai, Suleja ta zama ɗakin kwanan ma'aikatan Abuja tun da gwamnati ta tare can a ranar 12 ga Disamba 1991, kuma mai haya da ke fita da asuba ya kama motar Zuba bai damu da wane ne Madawaki ba. Gaskiya ne haraji da kotu da 'yan doka sun bar hannun fada tuntuni. Amma mutane ba sa faɗa a kan kujerar da ba ta da amfani. Da Sarki Ibrahim Dodo Musa ya rasu a 1993, naɗin Alhaji Muhammadu Awwal Ibrahim, wanda ya yi gwamnan Neja daga 1979 zuwa 1983, ya tayar da tarzoma a gari, aka sauke shi a 1994 aka naɗa Bashir Sulaimanu Barau, aka yi ta shari'a har aka mayar da shi a 2000. Abin da aka yi ta ja a kai cikin shekarun nan shi ne tambayar da Abu Ja ya zo da ita daga Zariya: wane gida ne ke da gado, kuma su wa ke da ikon zaɓe, masu zaɓen sarki ko gwamnan da ke Minna.