Lafiyar dasashi da ƙashi bayan dashen haƙori

Dashen haƙori aiki ne da likita ke kafa wata 'yar ƙusa ta ƙarfen titaniyam a cikin ƙashin muƙamuƙi, domin ta maye gurbin saiwar haƙorin da ya fita, kana a ɗora haƙorin roba ko na tangaran a kanta.

Wani likita ɗan ƙasar Sweden, Per-Ingvar Branemark, shi ne ya gano a shekarar 1952 cewa ƙashi na manne wa titaniyam har su zama abu guda. A 1965 ya yi wa mutum na farko irin wannan dashe.

Akan ɗauki watanni uku zuwa shida kafin ƙashin ya kama ƙusar sosai. Sai dai kamawar ƙashi ba ita ce ƙarshen zance ba.

Inda matsalar take

Haƙorin dashe ba ya ruɓewa, amma naman da ƙashin da ke riƙe da shi na iya kamuwa da cuta.

Haƙori na asali yana da wasu siraran zaruruwa da suka ɗaure saiwarsa da ƙashi, waɗanda ke ɗauke da hanyoyin jini da jijiyoyin ji. Haƙorin dashe ba shi da su. Don haka kariyarsa daga ƙwayoyin cuta ba ta kai ta na asali ba, kuma cuta kan yi nisa ba tare da mutum ya ji zafi ba.

Matakai biyu

Idan dauɗa mai ɗauke da ƙwayoyin bakteriya ta taru a gindin haƙorin, dasashi kan kumbura, ya yi ja, yana zubar da jini. A wannan mataki ana iya warkewa sarai idan aka tsabtace wurin.

Idan aka yi sakaci, kumburin kan gangara ya fara cin ƙashi. Alamunsa sun haɗa da mugunya, da warin baki, da janyewar dasashi har ƙarfen ya bayyana. Ƙashin da ya zaizaye da wuya ya dawo yadda yake, kuma idan ƙusar ta fara girgiɗi, sai dai a cire ta.

Wani nazari da masana a jami'ar Gothenburg suka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa kashi 43 cikin ɗari na masu dashe na da kumburin dasashi, kashi 22 kuma cutar ta kai ga ƙashi.

Ba kowace zaizaya ce cuta ba. Likitoci na ɗaukar raguwar kimanin milimita ɗaya a shekarar farko a matsayin abin da aka saba gani. Abin damuwa shi ne ta ci gaba bayan haka.

Rigakafi

Haɗarin ya fi yawa ga waɗanda suka taɓa fama da cutar dasashi, da masu shan taba, da masu ciwon sukarin da ba a kula da shi yadda ya kamata. Ragowar simintin da aka liƙa haƙorin da shi ma na iya haddasa kumburi.

Likitoci na ba da shawarar goge baki sau biyu a rana da burushi mai laushi, tare da sakace tsakanin haƙora da zare ko ƙaramin burushi, domin asuwaki ko burushi kaɗai ba sa isa waɗannan lunguna.

Ana kuma son mai dashe ya riƙa ganin likita duk bayan wata uku zuwa shida, inda za a duba dasashin, a kuma ɗauki hoton ƙashi idan da bukata, a gwada shi da wanda aka ɗauka tun farko.